Kowace Kasuwa da Mudunta

Duk wanda ya saba sayen hatsi ya san ba a jin farashi a kama murna sai an ga abin awo. Kwanon da ake auna gero da shi a Dawanau daban, tiyar Maraɗi daban, mudun mai kiri na cikin unguwa shi ma da nasa cikin. Wani mai awon yakan cika har ya yi tozo, ya tare baki da tafin hannu hatsi ya ƙara hawa. Wani kuwa shafe bakin kwanon yake yi tas. Akwai kuma mudun da aka kifa aka bubbuga wa gindi, a ido lafiya lau, sai an je gida an juye a ga giɓi. Shi ya sa idan ka ce wa tsohon ɗan kasuwa masara ta yi araha a wuri kaza, abin da zai fara tambayarka shi ne, "Da wane mudu?"

Tambayar nan ya kamata ma'aikaci ya riƙe a bakinsa yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo aljihun kowa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, Meta AI kuma ya sami wurin zama a cikin WhatsApp, wanda aka riƙe wa albashi ko aka kora ba sai ya jira gari ya waye ba. Yana kwance zai rubuta kukansa, amsa ta zo masa a tsare. Na'urar mai awo ce da ta zaga kasuwannin duniya, buhunta cike da kwanuka iri-iri. Tana da sauri, ba ta gajiya, ba ta yi maka kallon raini. Sai dai idan ba ka faɗa mata kasuwar da kake tsaye ba, wanda hannunta ya fi sabawa da shi take zarowa, kuma yawancin rubutun da ta koya daga gare shi na ƙasashen Turawa ne, musamman Amurka.

A ce direba ne a wani kamfanin ruwan leda, shekara uku yana jan mota. Ranar Lahadi da dare manaja ya turo masa saƙo: "Malam, daga gobe ka huta, mun samu wani." Ya buɗe waya ya rubuta, "An kore ni ba notis, ina da hakki?" Ba abin mamaki ba ne amsar ta karkata ga tsarin Amurka, inda a kusan dukkan jihohi mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba, muddin dalilin bai saɓa wa doka ba, kamar wariya. Direba ya karanta, gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce Allah ya isa, ya ja bargo.

Alhali a Najeriya ba haka awon yake ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya yanka wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Sanarwar mako ɗaya zuwa sama kuma a rubuce ake ba da ita. Direbanmu ke nan yana da mako biyu, ko kuɗin mako biyun a madadinsu. Da ya ce wa na'urar, "A Najeriya nake, ni direba ne, shekarata uku, ki duba Dokar Ƙwadago ki faɗa mini sashen," da wuya ta kauce wa wannan amsa. Mutumin Damagaram kuwa dokar aiki ta Nijar ta 2012 zai ambata, don shi ma nasa kwanon daban ne.

To amma ko a cikin kasuwa ɗaya ba kowane kaya ake aunawa da mudu ɗaya ba, kuma nan ne na ga mutane sun fi zamewa. Dokar Ƙwadagon, a sashe na 91, ta ware waɗanda take kira ma'aikata, wato masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta fitar da masu riƙe da shugabanci da ƙwararru. Akanta ko injiniya ko manajan reshe, takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu ita ce babban abin dubawa. Ma'aikacin gwamnati kuma yana da ƙa'idojin aikin gwamnati a kansa. Na'urar takan kwashe su duka ta zuba a kwano ɗaya idan ba a rarrabe mata ba.

Ga kuma tsohon mudu. Mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a Yulin 2024. Manhajar da iliminta ya tsaya a baya tana iya ba ka tsohon adadi da cikakken ƙarfin gwiwa. Ko ta ba ka sabon, tana iya mantawa ta gaya maka dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yaron shago da ya je ya tsaya gaban maigidansa yana karanto naira dubu saba'in daga waya, kunya kawai zai kwaso, wataƙila har da rasa wurin cin abinci.

Mudu mai bugaggen gindi shi ne ya fi ban tsoro, domin na'urar takan ƙirƙiro abin da babu shi, ta yi masa suna da lamba da shekara. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 a shari'ar wani fasinja da kamfanin jirgin sama na Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga musu. Lauyoyi ke nan, masu ofis da ɗakin littattafai, balle direban ruwan leda. Duk sashen da na'urar ta ambata, a nemo dokar a intanet a karanta shi da ido, ko a ba wanda ya iya ya karanta.

Mai awo dai abin da aka zuba masa yake aunawa, kuma mu 'yan Adam mun iya sheƙe labari kafin mu kawo shi. Idan direban ya ɓoye cewa ana zarginsa da ɓatan kuɗin ciniki, amsar da zai samu mai daɗi ce amma ba ta da amfani, don doka ta bar wa mai kamfani damar kora nan take a kan babban laifi, rigimar kuma sai ta koma kan ko an tabbatar da laifin, ko an ba shi dama ya kare kansa. Gara ya faɗa wa na'urar har abin da ba ya so a ji. Sunansa da lambar asusunsa da sirrin kamfani ne kawai ba ta da buƙatar su, kuma bai san inda za su kwana ba.

Inda na fi yaba mata shi ne aikin share fage. Doguwar takardar ɗaukar aiki mai Turancin lauyoyi, ta warware maka ita sakin layi bayan sakin layi. Ta tuna maka abin da ba ka san naka ba ne: cewa sashe na 7 ya wajabta a ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce kafin ka wuce wata uku, cewa bayan shekara guda kana da hutun akalla kwana shida na aiki da albashinka, cewa a tsarin fansho na 2014 kashi 8 ake cira daga gare ka, mai kamfani ya ɗora kashi 10. Mutum nawa ne ake cire wa kashi takwas ɗin duk wata, ba su taɓa duba ko yana isa asusun ba?

Idan aka yi awo aka yi gardama, wurin sarkin kasuwa ake zuwa, na'urar kuwa ba ta da wannan rawanin. Akwai ƙungiyar ƙwadago ga mai ita, akwai ofisoshin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un aiki, tana kuma zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen. Can ba a tambayar me waya ta ce. Za a nemi katin shaidar aiki, da alat ɗin banki na wata-wata, da saƙon daren Lahadin nan da kwanan watansa a jiki. Kafin a kai ga nan ma, direban zai iya sa manhajar ta tsara masa gajeriyar wasiƙa zuwa ga manaja, cikin ladabi, mai ɗauke da ranar da ya fara aiki, da ranar da aka dakatar da shi, da sashe na 11, da kuɗin mako biyu da ragowar albashin da yake bi. Ya buga kwafi biyu, ya miƙa ɗaya, a sa masa hannu da kwanan wata a kan ɗayan ya adana.