Ƙasashen da ake biyan mutum don ya hau keke zuwa aiki

A Beljiyam, kowace murza feda zuwa wurin aiki tana da farashi. A shekarar 2024 ma'aikaci zai iya karɓar senti 35 na yuro a kan kowace kilomita da ya yi a keke tsakanin gida da ofis, kuma hukumar haraji ba ta taɓa ko sisi a ciki. Wanda gidansa ke da nisan kilomita 10 daga wurin aiki, zuwa da dawowa ya tashi da yuro 7 a rana. In ya yi kwana 20 a wata, yuro 140 ke nan a kan albashinsa, ga kuɗin mai da bai kashe ba. Da can ganin damar mai kamfani ne ya biya ko ya ƙi, amma tun daga 1 ga Mayun 2023 wata yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni ta mayar da biyan wajibi a kamfanoni masu zaman kansu.

Maƙwabtansu na Holan ba su ware wa keke wani alawus na daban ba. A 2024 kamfani zai iya ba ma'aikaci senti 23 a kilomita ba haraji, ko a mota ya zo, ko a keke, ko ma da ƙafa. Gatan yana ɓoye a nan ne: mai mota kuɗin a gidan mai yake ƙarewa, mai keke kuwa aljihunsa yake shiga. Jamus ma haka take yi wajen cire kuɗin zirga-zirga daga haraji, nisan hanya take aunawa, ba ruwanta da abin da ka hau.

Birtaniya ta bi wata hanya tun 1999. Kamfani ne ke sayen keken, ya ba ma'aikaci haya, a riƙa cire kuɗin daga albashi kafin a lissafa haraji. Tunda albashin da ake yanka wa haraji ya ragu, abin da gwamnati ke ɗauka ma ya ragu. Ga keken fam 1,000, mai matsakaicin albashi yakan tsira da kimanin fam 280, babban ma'aikaci kuma kimanin 420. Wato wanda ya fi ƙarfin sayen keke shi ya fi samun rangwame. Abin da ya fi wannan ciwo, doka ta hana a cire wa mutum kuɗi har albashinsa ya sauka ƙasa da mafi ƙarancin albashi, saboda haka mai shara a asibiti ko mai wanke kwanuka a gidan abinci da ke kan wannan matakin ba shi da shiga. Mai sana'ar kansa ma haka. A 2019 an cire iyakar fam 1,000 don a iya sayen kekuna masu lantarki, amma ƙofar da aka rufe wa ƙananan ma'aikata tana nan a rufe. A ganina wannan babban giɓi ne, domin su ne kuɗin bas ke cinye wa albashi.

Ailan ta kwaikwayi tsarin a 2009, daga baya ta ƙara masa matakai: yuro 1,250 ga keke na yau da kullum, 1,500 ga mai lantarki, 3,000 ga keken ɗaukar kaya, irin mai akwati a gaba da iyaye ke zuba yara su kai makaranta. Sau ɗaya a shekara huɗu.

Labarin Amurka ya fi kowanne ban mamaki. Earl Blumenauer, ɗan majalisa daga jihar Oregon a lokacin, wanda ba a raba shi da ɗan bajen keke a ƙirjin kwat, ya shafe shekaru yana neman a ba masu keke dala 20 a wata ba haraji. Ƙudirin bai samu wucewa ba sai a Oktoban 2008, da aka cusa shi cikin dokar ceto bankuna ta dala biliyan 700. Shi kuwa Blumenauer ba ya goyon bayan ceton bankunan, sai ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da dokar da ke ɗauke da abin da ya daɗe yana fafutuka a kai. Dokar ta wuce duk da haka, aka fara biya a 2009. Bayan shekara tara, dokar haraji ta Shugaba Trump ta 2017 ta dakatar da dala 20 ɗin. Rangwamen kuɗin ajiye mota a wurin aiki kuwa ba a taɓa shi ba, ya ci gaba da hawa har ya kai dala 315 a wata a 2024. Mutum ya kwatanta 20 da 315, ya ga wanda gwamnati ke lallashi.

A Italiya garuruwa ne suka fara motsi. Massarosa, wani ƙaramin gari a yankin Toskana, ya ware senti 25 a kilomita a 2015. Bari, a kudu, ta biyo baya a 2019 da senti 20, iyaka yuro 25 a wata, tare da wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa keken don ƙirga tafiya, kada wani ya zauna a gida ya rubuta kilomitoci. Da korona ta sa mutane tsoron cunkoson bas, gwamnatin ƙasar ta yi alkawarin mayar wa mai saye kashi 60 cikin ɗari na kuɗin keke, har yuro 500. Ranar 3 ga Nuwamban 2020 da aka buɗe shafin neman kuɗin a intanet, dubban ɗaruruwan mutane suka yi layi a lokaci guda, shafin ya riƙa sarƙewa, kuma kafin a yi kwana biyu kuɗin ya ƙare.

Tsarin da ya fi burge ni na Faransa ne, kuma shi ne mafi araha. A Mayun 2020 gwamnati ta ce duk mai tsohon keke a jingine ya kai wa makanike, ita za ta biya yuro 50 na gyara. Ba a ba mutum kuɗi a hannu, mai gyaran ne ke cire su daga lissafi ya karɓa daga gwamnati. Birki, kaca, taya, tuf. Kekuna fiye da miliyan ɗaya suka koma kan titi, masu gyara suka yi ta fama da layi. Wannan taimako ba ya tambayar takardar albashi, ɗalibi da marar aiki da tsoho duk sun ci moriya.

Me ya sa gwamnatoci ke wannan kyauta? Lissafi ne. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa hawan keke yana hana mutuwar kimanin mutum 6,500 kowace shekara a Holan, yana ƙara wa 'yan ƙasar kusan rabin shekara a tsawon rai, darajar hakan kuma ta kai yuro biliyan 19 a shekara.

Amma ita wannan Holan ɗin, haraji take karɓa a kan keke a da. Daga 1924 zuwa 1941 kowane mai keke sai ya sayi ɗan allon ƙarfe duk shekara ya maƙala. Marasa aikin yi ana ba su kyauta, sai dai nasu an huda shi a tsakiya, ta yadda kowa a titi zai gane halin da suke ciki. Mutane sun tsani wannan huda ƙwarai. 'Yan mamayar Jamus ne suka soke harajin. Faransa ma ta ɗora nata tun 1893, ya kai har ƙarshen shekarun 1950.

Dattawanmu ba za su yi mamakin wannan ba, sun san lasin keke da yadda ake tare mutum a bakin kasuwa a duba shi. Har yau kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ba da lasin keke da baro da amalanke da kwalekwale cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Tun da aka janye tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya sa ma'aikata da yawa waiwayar keke, kuma ya kamata hukuma ta tarye su da sauƙi, ba da rasit ba.

An taɓa gwada kiran jama'a. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja don ya nuna misali, har wata bas ta ture shi ya faɗa kwalbati. Alawus ba ya kare mutum daga bas. Shi ya sa ƙasashen da abin ya kankama suka haɗa kuɗin da hanya ta musamman da wurin ajiya. A ƙarƙashin dandalin tashar jirgin ƙasa ta Utrecht da ke Holan akwai garejin keke hawa uku da aka kammala a 2019, mai cin keke 12,500. Mutum yana shiga a kan kekensa har ciki, allunan lantarki na nuna masa layin da ke da fili, kuma awa 24 na farko ba a biyan komai.