Lambar Yabo Mai Araha, Mai Daraja

A ƙasar Ingila akwai wata ƙungiyar masu sha'awar tuƙin babur da mota, Motor Cycling Club, wadda aka kafa a shekarar 1901, wadda 'ya'yanta kan kwana bisa hanya cikin sanyi da taɓo, suna hawan tuddai masu santsi, alhali ba neman dukiya ya fito da su ba. Wanda ya haye dukkan tuddan ba tare da kuskure ba, lambar zinariya ce rabonsa. Mai kuskure ɗaya, ta azurfa. Mai biyu, ta tagulla. Hikimar da ƙananan ƙungiyoyi za su koya ita ce, 'yar lambar da tafin hannu zai rufe, muddin an zana mata sunan gasa da shekara, ta wadatar, domin martabar kyauta tana ga wahalar da take shaidawa.