Buƙatu Dubu, Aljihu Ɗaya: Yadda Hukumar Birni Ke Zaɓar Abin da Za Ta Fara Yi

Duk ranar da aka rantsar da sabon ciyaman, jawabinsa kusan ɗaya ne da na wanda ya gada: ilimi, lafiya, ruwan sha, hanyoyi, tsaro, noma, matasa da mata. Ba ya barin ko ɗaya. Jama'a su tafa, a yi addu'a, a watse. Amma wanda ya ce komai ne ya sa a gaba, bai faɗa muku abin da zai yi ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle takwas.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa a irin wannan jawabi, kuma ya kamata ku iya rarrabe su. Na farko manufa, wato dalilin da ya sa aka kafa hukumar tun asali. Ba ta wuce jimla ɗaya ko biyu, kuma ba ta canzawa don ciyaman ya canza. Na biyu buri, inda ake son kaiwa, da adadinsa da wa'adinsa. "Za mu inganta tsafta" fata ne kawai. "Kafin damina mai zuwa za a riƙa kwashe kowace bola a mazaɓa kaza sau biyu a mako", wannan shi ne buri, domin idan damina ta zo kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa. Na uku fifiko, shi ne mai zafin: wanne za a fara, wanne zai jira. Magidancin da ya karɓi albashi, ga rufin ɗaki na yoyo, ga kuɗin makarantar yara, ga sallah ta gabato, ya san wannan sarai. Dukkansu buƙatu ne na gaske, amma sai ɗaya ya haƙura.

Birnin da aka fi kafa misali da shi a wannan fanni shi ne Curitiba, hedikwatar jihar Paraná a kudancin Burazil. A shekarun 1960 mutane na ta kwararowa cikinsa daga ƙauyuka, cunkoso na ƙaruwa, kuɗi kuwa ba su da yawa. A 1965 aka kafa wata cibiya ta musamman wadda aikinta nazari da tsara birnin. Ɗaya daga cikin mutanenta, masanin zanen gine-gine mai suna Jaime Lerner, ya zama magajin gari a 1971. Manufarsu gajeriya ce: a gina gari domin mutum, kada mota ta zama ita ce sarki. Daga nan sauran hukunce-hukunce suka fito.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne abin alfaharin manyan birane a wancan zamani. Curitiba ta lissafa kuɗinsa, ta ga ya fi ƙarfinta, ta ajiye shi. Sai ta ware wa motocin bas layinsu na kansu a tsakiyar manyan tituna, wanda ya fara aiki a 1974, aka kuma ba da izinin dogayen gine-gine a gefen waɗannan layuka domin gidaje da shaguna su taru inda abin hawa yake. A 1972 aka hana motoci bin wani babban titin kasuwanci da ke tsakiyar gari, aka bar wa masu tafiya a ƙasa. 'Yan kasuwa suka yi ca, shi ya sa aka gama aikin cikin 'yan kwanaki tun kafin su samu damar dakatar da shi. Wuraren da ruwa ke kwanciya a bakin rafuka kuwa aka mai da su lambunan shaƙatawa masu tafkuna, yadda idan an yi ruwa mai yawa ciyawa zai mamaye maimakon ɗakunan mutane.

Kada a ɗauka aljanna ce. Har yau akwai unguwannin talakawa a gefen birnin, motocin gida ma sun yi yawa. Abin lura a wurina shi ne an san abin da aka haƙura da shi, an kuma faɗe shi a fili, sannan cibiyar nan ta ci gaba da riƙe tsarin ko da shugabanni sun canza.

To wa ke zaɓa? A Curitiba masana ne suka ja ragama. Wani birnin na Burazil, Porto Alegre, ya bi wata hanyar tun daga 1989: mazauna kowane yanki su taru, su jera buƙatunsu daga na ɗaya zuwa ƙasa, su zaɓi wakilan da za su bi sawun maganar har cikin kasafin kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Abin da unguwannin talakawa suka riƙa sa wa a gaba shi ne shimfiɗa titunan cikin unguwa da hanyoyin fitar da ƙazamin ruwa. Tsarin ya yi rauni bayan jam'iyyar da ta kawo shi ta faɗi zaɓe a 2004, wanda ke nuna cewa abin da ya dogara da mai mulki kaɗai yakan bi shi idan ya tafi.

Mu dawo gida. Kano, duk girmanta, ba ta da hukumar birni guda ɗaya. An raba ta tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. A samansu ga hukumomin jiha, KNUPDA mai tsara gine-gine, REMASAB mai kwashe shara, KAROTA mai kula da zirga-zirga, ga hukumar ruwa. Ruwan sama kuwa bai san iyakar Dala da Fagge ba, gangararsa kawai yake yi zuwa Jakara. Idan an toshe lambatu a wata ƙaramar hukuma, wata ce ke kwana cikin ruwa. Yamai ma an raba ta gundumomi biyar, amma akwai hukumar birni guda da ta haɗa su.

Ba kuma rashin tsari a takarda ne ya dame mu ba. Tun farkon shekarun 1960 aka rubuta wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion. Garin ya zarce shi nesa ba kusa ba. Kududdufan da ke shanye ruwan damina an cike da yawansu an yi gini a kai, gadojin sama sun ƙaru, 'yan garuwa kuma na nan suna tura kurarsu lungu-lungu. Wannan ma zaɓi ne aka yi, ko da ba a taɓa kiran taro an sanar da shi ba. Gada ana ganinta daga nesa, ana yanka mata ƙyalle. Bututun da ke binne a ƙasa ba mai ɗaukar hoto da shi.

Ita ƙaramar hukuma ba sai ta ƙirƙiro manufa daga sama ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, ban-ɗakunan jama'a, magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sai kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Ku dubi jerin nan da kyau. Babu rabon babura ko buhunan shinkafa a ciki. An daɗe ana cewa kuɗin ƙananan hukumomi na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma akwai gaskiya a maganar. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, amma uzurin ya fara ƙarewa.

Idan kuna son sanin fifikon hukuma na gaskiya, ku bar allon da aka kafa a ƙofar sakatariya, ku nemi kasafin kuɗi. Ku duba nawa ke tafiya albashi da alawus, nawa ya rage wa ayyuka, sannan a cikin ragowar wane aiki ne ya ɗauki kaso mafi tsoka. Ku kwatanta abin da aka ware bara da abin da aka fitar a zahiri, don sau da yawa a nan ne tazarar take. Kansilanku na cikin masu amincewa da wannan kasafi, kuma a unguwarku yake kwana.

Saboda haka idan ɗan takara ya zo ƙofar masallacinku ko majalisarku ya fara jero alkawura, ku saurare shi har ya gama. Sannan ku ce: "Ranka ya daɗe, mun ji. A cikinsu wanne ne na ɗaya, yaushe za mu gan shi, kuma wanne za ka bari sai wani lokaci?"