Daga Baltimore Zuwa 'Yargoje: Tsohuwar Gada Da Sabon Kaya

Da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na dare, ran Talata 26 ga watan Maris na 2024, wani ƙaton jirgin ruwa mai suna Dali ya yi karo da ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan gadar Francis Scott Key da ke birnin Baltimore a Amurka. Kafin ƙiftawar ido, gadar da ta yi shekara 47 a tsaye ta rufta cikin kogin Patapsco. Leburori shida da ke cike ramukan titi a bisanta suka rasa rayukansu.

Mutumin 'Yargoje ta Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, ko na Faskari, ko na Sabuwa, in ya ji wannan labari yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da yake babu teku a Jihar Katsina, babu kuma kogin da zai ɗauki jirgi irin wannan. Gaskiya ne. Amma wanda ya bi diddigin abin da masu bincike suka gano, zai tarar cutar da ta kayar da gadar Baltimore tana nan kwance a ƙarƙashin gadoji da kwalbatocin ƙasar Hausa. Cutar kuwa ita ce a gina gada daidai da bukatar zamaninta, zamani ya juya, kaya su ƙaru, amma a rasa wanda zai koma ya sake lissafi.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

An buɗe gadar Baltimore a shekarar 1977. A watan Agusta na 1980, watau shekara uku bayan buɗe ta, wani jirgi mai suna Blue Nagoya ya ƙwace wa matuƙansa ya bugi shingen da ke kare ginshiƙinta. Shingen ya lalace, gada kuwa ta tsaya daram. Wannan jirgi bai kai ko rabin Dali tsawo ba. Shi Dali tsawonsa ya kusa mita 300, yana kuma ɗauke da kwantenoni wajen 4,700 a daren da abin ya auku. Cikin shekarun da ke tsakanin karo na farko da na biyu jiragen ruwa sun yi ta girma, ginshiƙin gada da shingensa kuwa suna nan yadda magina suka bar su.

Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka ta bayyana sakamakonta hawa biyu. A watan Maris na 2025 ta ce tun 1991 aka fito da ƙa'idar auna haɗarin karon jirgi da gada, amma hukumar da ke riƙe da gadar Baltimore ba ta taɓa yin wannan awo a kanta ba. Da masu bincike suka yi lissafin bayan ɓarna ta riga ta auku, sai suka tarar haɗarin ya ninka abin da ƙa'ida ta yarda da shi kusan sau 30. Suka kuma lissafa waɗansu gadoji 68 a jihohi 19 waɗanda su ma ke bukatar a auna su. A watan Nuwamba na shekarar, hukumar ta bayyana mafarin al'amarin: wata 'yar waya ce guda ta lantarki ba ta zauna sosai a mazauninta ba, wutar jirgin ta ɗauke, injin ya mutu, ragama ta kuɓuce.

Abu ɗaya ya rage yawan ta'asar. Matuƙan jirgin sun yi maza sun aika da saƙon neman agaji, 'yan sanda kuma suka tsare motoci a bakin gadar ta kowane gefe kafin karon. Ba domin haka ba, da ba a san iyakar waɗanda za su halaka ba.

BA A KANTA AKA FARA BA

Ran 5 ga watan Janairu na 1975 jirgin Lake Illawarra ya bugi gadar Tasman a birnin Hobart na Ostireliya, mutum 12 suka mutu. Birnin ya rabu biyu, mutane suka koma ƙetarewa da jiragen fito, ba a sake buɗe gadar ba sai a watan Oktoba na 1977. Daga nan ne hukuma ta kafa dokar tsayar da motoci duk lokacin da babban jirgi zai wuce ta ƙarƙashinta. Ran 9 ga watan Mayu na 1980 kuma, cikin hadari da iska, jirgin Summit Venture ya karya gadar Sunshine Skyway a Jihar Fulorida, motoci da wata bas ta fasinja suka zube cikin ruwa, mutum 35 suka halaka. Wannan haɗari shi ya haifi ƙa'idar 1991 da aka ambata. Ilmin yana nan a rubuce shekara 33 kafin Dali ya tashi daga tasha. Aiki da shi a kan tsohuwar gada ne aka rasa.

Nijeriya ma ta ga irin nata. Ran 7 ga watan Oktoba na 2022, lokacin ambaliyar Kogin Kwara, wani jirgin fito ɗauke da mutane wajen 85 a yankin Ogbaru na Jihar Anambra ya sami matsalar inji, ruwa ya ja shi ya haɗa shi da gada, ya kife. Fadar Shugaban Ƙasa ta ba da sanarwar mutuwar mutum 76.

MASU BUGUN GADA A ƘASAR HAUSA

A kudancin Katsina, abu uku ne ke yi wa gada abin da jirgi ya yi wa ta Baltimore. Na farko ruwa. Wannan yanki shi ne mafarin Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ga kuma ƙoramu barkatai da ke kwance da rani, yara na wasa cikin rairayinsu, amma in Agusta ta kama su cika su batse cikin sa'a guda. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ruwa ya fi kome kayar da gadoji a duniya. Yadda yake yi kuwa shi ne, in ya taho da ƙarfi ya iske ginshiƙi sai ya riƙa juyi a gindinsa yana kwashe yashi da ƙasa, har tushen ya zama ba abin da ke riƙe da shi. Da ruwa ya janye sai sabon yashi ya rufe ramin, mai wucewa ya ga kome lafiya lau, alhali ƙasan ta riga ta zama rami.

Wanda ya tsara kwalbati shekara 40 da suka wuce ya yi lissafi ne da dajin da ke tare ruwa, da fadamar da ke shanye shi. In an sare dajin, an nome fadamar, an yi gine-gine a kan magudana, ruwan sama ɗaya zai iso bakin kwalbatin da yawa kuma da sauri fiye da yadda aka tanada. In kuma kara da leda da kututture suka toshe bakin, hanyar mota ta zama madatsa, sai ruwa ya haura ta ya ci gefenta. Mutanen Jibiya ba su manta da ambaliyar watan Yuli na 2018 ba, wadda ta ci fiye da mutum 40 cikin dare ɗaya.

Na biyu kaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Shekaru da yawa wannan dogo shi ke ɗaukar auduga da gyaɗa da shanu. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, duk nauyin nan ya komo kan kwalta: tankokin mai, tirelolin siminti da taki, da manyan motocin masara da dawa masu tashi daga kasuwannin Dandume da Sheme da Funtuwa. Wani gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka wajen sau 16. Gada ma tana da iyakar abin da aka ƙaddara za ta ɗauka, kuma kowace mota da ta wuce iyaka tana barin 'yar tsaga a jikin kankare. Ruwa ya shiga tsagar, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya ɓantale. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da dokar ƙayyade nauyin manyan motoci a 2012, amma doka ba ta auna mota, sai an kafa sikeli an sa mai gaskiya a bakinsa.

Na uku hannun mutane. Masu tifa sun fi son ɗibar yashi kusa da gada, domin nan ne mota ke iya gangarawa cikin sauƙi. Kowace tifa da aka cika a wurin, an taya ruwa aikin tone tushen gadar ke nan.

IN GADA TA KARYE

A watan Yuni na 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, motocin da ke tsakanin Arewa da Legas suka shiga dogon zagaye. A 2024 gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a Jihar Taraba ta karye, matafiya suka koma ƙetarewa da kwalekwale, har a watan Yuli na 2025 ɗaya ya kife da fasinjoji. A ƙarshen watan Mayu na 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta halaka fiye da mutum 150, ta kuma karya gada.

Waɗannan manyan hanyoyi ne, shi ya sa aka ji labarinsu. Ƙaramar gadar ƙauye in ta tafi, sai dai mutanen wurin su sani: buhun masara ya faɗi a gona ya tashi a kasuwa, malami ya kasa zuwa makaranta, mai naƙuda ta kwana a bakin rafi. Ga mutanen 'Yargoje, wadda ke kan hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, al'amarin ya wuce na ciniki. Garin ya sha harin 'yan bindiga a watan Yuni na 2024, inda aka kashe mutane da dama. A wuri irin wannan, kwalbati guda shi ne hanyar da jami'an tsaro za su bi su kawo ɗauki, shi ne kuma hanyar kai wanda aka jikkata asibiti. Har ila yau, hanyar da matafiya ke tsoron bi, ita ce wadda safiyo da injiniya za su fi jinkirin zuwa dubawa. Ta haka rashin tsaro da lalacewar hanya kowanne ke ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

AIKIN WANE NE

Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na Gwamnatin Tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi. An kafa hukumar FERMA a 2002 domin gyaran na Tarayya. Jihar Katsina kuwa, wadda aka ƙirƙiro ran 23 ga watan Satumba na 1987, ta gaji gadoji daga tsohuwar Jihar Kaduna, waɗansu ma tun daga zamanin Jihar Arewa da En'e. Gadar da ta bi ta hannun hukumomi uku ko huɗu, ba abin mamaki ba ne a nemi zanenta na asali a rasa. Sabuwar gada tana da ranar buɗewa da makaɗa da 'yan jarida. Yashe kwalbati ba shi da ko ɗaya, saboda haka shi ne farkon abin da akan soke in kasafin kuɗi ya matse.

Abin da ya kamata a yi bai fi ƙarfin jiha ba. Da farko a yi rajistar kowace gada da kowane kwalbati, da shekarar gini, da nauyin da aka tsara mata, da sunan hukumar da ke da alhakinta. Sa'an nan a riƙa duba su sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta, a kuma shiga ƙarƙashi a duba, kada a tsaya ga leƙe daga cikin mota. A kafa allon nauyi a bakin kowace tsohuwar gada. A hana ɗibar yashi kusa da ginshiƙai. Ɗaliban aikin injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina suna iya ɗaukar wannan ƙidaya a matsayin aikinsu na ƙarshen karatu, su ƙaru, jiha ta ƙaru.

Inda injiniya ba zai iya zuwa a kai a kai ba, idon mutanen gari ya isa ya ga alamu: rodi ya fito fili ya yi ja, titi ya lotsa a daidai inda ya haɗu da gada, ƙasar gefe ta zaizaye, ginshiƙi ya karkata, ko tarkace ya taru a baki. Abin da ake bukata shi ne dagaci da mai unguwa su san ofishin da za su kai rahoto, rahoton kuma ya sami amsa. Haka nan ya kamata 'yan ƙungiyar direbobi da 'yan sintiri su sami izinin tsayar da motoci in ruwa ya haura gada, har ya janye a duba. 'Yan mintocin da 'yan sandan Baltimore suka samu ne suka ceci rayukan matafiya, kuma wannan dabara ba ta bukatar kwangila.

Amurka da duk arzikinta ta bar gada shekaru ba awo, sai da mutum shida suka mutu aka tashi neman sauran 68. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Lokacin shiga ƙarƙashin gada shi ne rani, sa'ad da rafi ke bushe, tun hadarin farko bai haɗu a gabas ba.