Uɗaridu Za Ta Gifta Gaban Rana a 2032: Kada Ido Ya Biya Kuɗin Kallo

Ranar Asabar 13 ga Nuwamba 2032, da misalin ƙarfe 6:41 na safe agogon Ghana, wani ɗan ɗigo baƙi zai taɓa gefen rana, ya shige cikinta yana tafiya sannu a hankali. Zai kai rabin tafiyarsa da ƙarfe 8:54, ya fice ta ɗaya gefen da ƙarfe 11:07. Ɗigon nan Uɗaridu ce, wadda 'yan boko ke kira Makyuri, duniyar da ta fi kowace kusa da rana. Mu a nan mun yi dace. A tsakiyar Nuwamba rana kan fito a Kumasi wajen ƙarfe 6, ke nan daga Krofrom, Aboabo, Asawase har Tafo, abin zai faru rana na sama daga farkonsa zuwa ƙarshe, awa huɗu da kusan rabi. 'Yan uwa na Kano da Maraɗi su ƙara awa ɗaya a kan waɗannan lokutan. Yawancin mutanen Amurka ta Arewa ba su da rabo, dare ne a wurinsu.

To amma kada wani ya sa ran irin abin da aka gani ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da husufi ya jefa Accra da Cape Coast cikin duhu da hantsi, mu ma a Kumasi hasken ya dushe. Wannan karon babu duhu, babu sanyin iska, kaji ba za su nemi akurki ba. Mai koko da ƙosai za ta sayar da kayanta ta kwashe robobi ba ta san an yi komai a sama ba. Dalili kuwa Uɗaridu ƙarama ce, kuma tana nesa. Sai an jera kusan 190 irinta kafin su cike faɗin rana kamar yadda muke hango ta. Ka ɗora ƙwayar gero ɗaya a kan faifai, ka sami kwatancin. Ido kaɗai ba ya iya tsinto ta, ko da an sa tabarau na kallon husufi.

Uɗaridu na kewaye rana cikin kwana 88, kuma kusan kowane kwana 116 takan bi ta tsakaninmu da rana. Da hanyarta da tamu a daidai suke, da sau uku a shekara za mu riƙa ganin giftawar. Sai dai hanyarta ta karkace da digiri 7, don haka yawanci takan wuce ta saman rana ko ta ƙasanta. Cikin watan Mayu da Nuwamba ne kawai lissafin ke iya haɗuwa, sau 13 ko 14 a shekara ɗari. An yi ranar 9 ga Mayu 2016, aka sake ranar 11 ga Nuwamba 2019, dukansu an iya gani daga Ghana, kuma mutanen zango kaɗan ne suka ji labari.

Wannan rashin jin labarin ya fi kwantar mini da hankali a kan jin rabin labari. Yanzu kowa na da waya, kuma kafin ranar saƙo zai zagaya WhatsApp cewa a fito a kalli rana. Mutum zai ɗaga kai bai ga komai ba, ya ƙara ƙura ido, sannan ya tuna da tabaran hangen nesa da wani ya kawo tsaraba daga Makka. Nan ne ɓarnar take. Duk wanda ya taɓa ganin yara sun tara hasken rana da gilashi a kan takarda har ta yi baƙi ta kama hayaƙi, ya san aikin da wannan tabarau zai yi, sai dai a wannan karon a cikin ƙwayar ido zai tara zafin. Fatar da ke can bayan ido, wadda ke ɗaukar hoton abin da muke gani, ba ta jin ciwo. Tana ƙonewa mai ita na murmushi. Sai bayan wasu awanni, ko washegari, ya buɗe Alƙur'ani ya ga tsakiyar layi ya ɓace, ko ya kalli fuskar ɗansa ya ga tabo a inda hanci yake. Wasu kan samu sauƙi cikin watanni, wasu kuwa da tabon za su ƙare rayuwa. Wanda ya ga irin wannan alama ya nufi sashen ido na asibitin Komfo Anokye ko wani asibitin ido mafi kusa, ya bar ɗiga magungunan kan tebur.

Dabarun da muka saba da su duk ba sa karewa. Gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, baƙin tabarau na gayu ko da an haɗa uku, tsohon hoton ƙashi na asibiti, faifan CD, baƙar leda, kallon rana a cikin bokitin ruwa, kowannensu yana rage ƙyalli ne har ido ya daina ƙiftawa, alhali hasken da ke cutarwa yana wucewa. Ina ma ganin sun fi ido tsurarsa haɗari, domin mai ido tsura yakan kau da kai da sauri, mai baƙin gilashi kuwa sai ya gyara tsayuwa.

Akwai maganar gilashin walda, tunda wurin masu walda na Suame Magazine na nan kusa da mu kuma kusan kowane gida na da ɗa ko ƙane a can. Gilashin yana da lamba a jikinsa. Mai lamba 14 ana iya duban rana da shi, amma wanda masu walda suka fi amfani da shi bai kai haka duhu ba, wani ma lambar ta goge. Ko an sami na 14 ɗin, ba zai nuna Uɗaridu ba, kuma ba a haɗa shi da tabaran hangen nesa. Haka ma tabarau na husufi mai hatimin ISO 12312-2: na ido ne kaɗai. In ka sa shi sannan ka leƙa ta madubin hangen nesa, zafin da madubin ya tara zai huda shi nan take.

Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce a sauko da hoton rana a kan takarda, kowa ya kalli takardar. A kafa ƙaramin madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa yadda ba zai girgiza ba. A huda kwali a zura a wuyansa don ya yi inuwa. A juya bakinsa wajen rana ba tare da an leƙa ba: inuwar madubin ake dubawa a ƙasa, in ta tsuke ta zama ƙarama to an saita. Sai a riƙe farar takarda kamar kamu biyu daga inda ake sa ido, a murɗa har gefen da'irar hasken ya fito tsaf. Uɗaridu za ta bayyana baƙa ƙirin, kewayayyiya, kuma in an yi mata alama da fensir aka dawo bayan minti ashirin za a tarar ta gusa. Tabon da rana kan yi a jikinta bakinsa toka-toka ne, kuma ba ya gusawa haka. Tabaran hangen nesa mai ido biyu ma yana iya yi in an toshe ido ɗaya, sai dai ɗigon zai yi ƙanƙanta ƙwarai. A riƙa rufe bakin madubin lokaci-lokaci don ya huce, domin na roba yana narkewa. Kuma lallai babba ya tsaya a wurin, bai matsa ko nan da can ba, saboda yaro in ya ga rami sai ya sa ido. Mai hali ya sayi matatar hasken rana da aka ƙera don wannan aiki, wadda ake ɗaurawa a gaban madubi, ba a wajen ido ba.

Wurin tsayawa, inda gabas ke buɗe ake nema: filin makaranta, filin Idi, ko saman bene. A tsakanin gidajen Krofrom da rumfunan kwano ba za a ga rana ba sai ta ɗaga, ko da yake zuwa ƙarfe 8 ta haye yawancin rufi. Abin da ya fi gini damuwa shi ne gajimare, don a Nuwamba ƙarshen damina bai gama sakin Asante ba, safiya kan zo da hazo. Arewa ta fi samun sarari a lokacin, kuma ga tashar motocin Arewa a nan Krofrom, wanda abin ya dame shi da gaske ya kwana a Tamale ko Bolga. Shugabannin makarantun Islamiyya da na boko su nemi malaman kimiyya na jami'ar KNUST tun da wuri, ko gidan nuna taurari na Ghana Planetarium da ke Accra. Madubi ɗaya ya ishi makaranta guda. Ga ma damar gwaji kafin nan: ranar 6 ga Fabrairu 2027 za a yi husufin da rana ke zama kamar zobe, zai bi ta gaɓar tekun Ghana dab da faɗuwar rana, a Kumasi kuma za a ga wata ya cinye kaso babba na rana. Ƙa'idar kare ido ɗaya ce.

Masu saƙon "alamar tashin duniya" ma za su zo, har da masu cewa wani babba zai mutu. A tambaye su wa ya mutu a 2016 saboda Uɗaridu. Lissafi ne tsohon gaske. Johannes Kepler ya faɗi ranar tun kafin ta zo, Pierre Gassendi ya gani a Paris ranar 7 ga Nuwamba 1631, shi ma hoton rana ya sauko da shi a cikin ɗaki mai duhu. A yau da irin wannan giftawa ce masana suka gano dubban duniyoyi a kewayen wasu taurari, ta hanyar auna ɗan ragin haske idan duniya ta bi ta gaban tauraronta.

Zara, wadda muke gani kusa da wata da magariba, ita ma takan gifta, kuma ita da yake babba ce ana ganinta da tabarau na husufi kawai. Ta yi ranar 8 ga Yuni 2004, rana ta fito mana da ɗigon a jikinta. Ta sake a Yunin 2012, amma aka gama kafin gari ya waye a Ghana. Sai kuma Disamban 2117 da Disamban 2125, wannan na jikokin jikoki ne. Uɗaridu ce tamu. In gajimare ya hana a 2032, za ta dawo ranar 7 ga Nuwamba 2039, daga wajen ƙarfe 7:17 zuwa 10:15 na safe, sannan ranar 7 ga Mayu 2049 daga ƙarfe 11 na safe har zuwa bayan la'asar.