Audugar Maska da Jujjuyawar Siyasar Ingila

Masu nazarin al'amuran dauloli sun daɗe suna saɓani a kan wata mas'ala, watau ko manufar babbar daula game da ƙasashen waje tana bin ra'ayin wanda ke riƙe da ragama ne, ko kuwa larurar zamani ce ke jan shugaban da daularsa baki ɗaya. Kuma duk wanda ya san tarihin auduga a ƙasar Maska da kewayenta, daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi, yana da hujjar da zai sa baki da ita, domin abin da aka ƙulla a Landan, shekaru fiye da hamsin, a kan sikelin fuloti yake bayyana.

Asalin al'amarin tsoro ne. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa masaƙun Lankasha auduga har ma'aikata suka rasa na abinci, saboda haka da Joseph Chamberlain ya riƙe ofishin ƙasashen mallaka daga 1895 zuwa 1903, yana mai ganin ƙasashen nan tamkar gandu ne da aka bari ya yi saura, sai ya tarar da attajiran Manchesta a shirye. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA, shekara guda kafin Katsina ta shiga hannun Turawa. Bayan haka aka kawo irin auduga na Amurka, aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka ja reluwe daga Zariya ta Funtua, ta isa Ƙauran Namoda a 1929.

Amma manomin Maska ba jiya ya fara sanin auduga ba, domin ƙasarsa ta yi suna da saƙa tun kafin jihadi, kuma sau da yawa masaƙan gida da fataken Kano sukan ba shi kuɗin da ya fi na kamfani. Daular da ke wa'azin sakin kasuwa a gida sai ga ta nan tana tsare ta: aka ƙayyade wuraren saye, malamin awo ya buɗe buhu, ya cusa hannu can ƙasa yana neman ganye ko tsakuwa, ya yanke lamba ɗaya ko lamba biyu, mai kaya kuwa, da haraji a wuyansa, ba shi da ta cewa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, Ingila ta yi watsi da wa'azin nata ɗungum, har a 1934 ta ƙayyade yadin Japan da ke shigowa Nijeriya, wanda shi ne talaka ke iya saye.

Inda mas'alar ta fi fitowa fili shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 mutanen Ingila suka kayar da Churchill, suka ɗora Attlee na jam'iyyar Leba, wadda ake yi wa zaton tausayin waɗanda aka mallaka, kuma haƙiƙa ita ce ta saki Indiya a 1947. Sai dai ta gaji baitulmali cike da bashi, Amurka ta dakatar da taimakon yaƙi, dala ta yi wuya, har aka karya darajar fam a 1949 daga dala 4.03 zuwa 2.80. A irin wannan hali kowane dami na audugar Funtua yana nufin dalar da ba a kashe a Amurka ba. A shekarar nan aka kafa Hukumar Cinikin Auduga, wadda ke yanke farashi kafin kaka, ta saya a ƙasa da kuɗin kasuwar duniya, ta ajiye rarar da sunan tanadin ranar wahala. Adalci ya sa a faɗa cewa manomi ya sami tabbacin farashi da angurya mai kyau, wanda ba ƙaramin alheri ba ne. Amma gwamnatin da ta fi kowa daɗin baki ita ce ta fi zurfafa hannu a aljihunsa, Churchill kuma da ya dawo a 1951 bai kwance ƙullin ba.

A ganina rabon shugaba a nan shi ne salo da gaggawa, alƙibla kuwa ta larura ce. Sai da rikicin Suwes na 1956 ya nuna wa Ingila iyakar ƙarfinta, Firayim Minista Eden ya sauka, sa'an nan magajinsa Macmillan ya gaggauta sallamar Afirka, ya nemi shiga Kasuwar Turai a 1961, a lokacin da Lankasha kanta take durƙushewa, masaƙar Kaduna kuma, wadda aka buɗe a 1957, ta fara shan audugar da a da ake lodawa zuwa Ikko. Hukumar ciniki dai ba ta bi Turawa gida ba: ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa tun 1954, ta ci gaba da yanke wa manomin Maska farashi ƙarƙashin sunaye dabam-dabam, har gwamnatin Babangida ta rushe ta a 1986.