Buhu 2,520 da Buhu 2,521

A ce wani babban manomi a Gadarif ta ƙasar Sudan ya rasu ya bar buhun riɗi 2,520 a sito. Malamin da aka kira rabon gado ba zai yi gumi ba. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, duk wanda aka nema zai fita cif, ba sai an farke bakin buhu ko ɗaya ba. Dalili kuwa, 2,520 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowace lamba daga 1 zuwa 10 ke raba ta ba saura, kuma masu raba ta gaba ɗaya 48 ne. To, a ƙara buhu guda. Ita 2,521 babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, dole a kawo mudu. Ga su dab da juna, amma hali ya sha bamban. Ashe girman lamba ba ya faɗin komai game da ita. Abin da ke raba ta shi ne asalinta.

Irin su 2,521 mu kira su gagara-rabo. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su, kuma kowace lamba hanyar gininta ɗaya ce tak: 2,520 daga 2 sau uku take, da 3 sau biyu, da 5, da 7, a ninka su da juna. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Uƙlidis ya tabbatar gagara-rabo ba su da iyaka, har yau kuma ana farautarsu. A Oktoban 2024 aka gano wata: a jera 2 har sau 136,279,841 a ninka, a cire 1. Rubuta ta kaɗai na cin alƙaluma 41,024,320.

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne, ana fama da yaƙi da tsadar dawa. Yana da ɗan gaskiya, don wannan ƙatuwar lamba ba ta tsare kuɗin kowa. Sai dai ƙannenta na yi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki da yawa ya koma waya, ta manhajar Bankak da makamantanta. Ɗaya daga manyan dabarun kulle irin waɗannan saƙonnin ciniki ta waya, wadda aka fito da ita a 1977, ta dogara ne kan abu ɗaya: ninka gagara-rabo biyu masu ɗaruruwan alƙaluma abu ne na ƙiftawar ido, amma a ba kwamfuta amsar a ce ta nemo su, sai ta tsufa tana nema. Wani kuma zai ce ilimin baƙi ne. To ai Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, littafi ya rubuta kan yadda ake jera lambobi a hatimi kowane layi ya ba da jimla ɗaya.

Malam mai koyar da yara lissafi, in an gama haddar ninki, ka ba su 2,520 da 2,521 su gwada rabawa da kansu.